Dashen boganbiliya na tukunya: in gidanka da rana ka saya kawai

Masu tambaya ko dashen boganbiliya (wata shukar ado mai yaɗo da fure kala-kala) da ake sayarwa a tukunya ya cancanci a kai shi gida, ni dai na ce eh, amma fa sai in kana da wajen da rana ke duka sosai, aƙalla awa 6 a yini. In inuwa ce ta cika gidan kar ma ka wahalar da kanka, ganye kawai za ta yi ta fitar maka ba fure.

Asalinta daga Kudancin Amurka ne, wajen su Brazil da Peru, shi ya sa zafi bai dame ta ba ko kaɗan, sanyi mai tsanani ne ke kashe ta. Abin da ya fi burge ni ba ta son shagwaɓa, wallahi in ka dinga ɗura mata ruwa kullum kana zuba taki mai naitirojin da yawa sai ta yi kore shar ta ƙi fure, amma ka bari ƙasar ta bushe tukunna ka ba ta ruwa ta ƙoshi sai ka ga kala ta ɓarke ko'ina. Kuma wannan ja ko shunayya ko ruwan lemo da muke gani ba shi ne furen ba fa, wani ganye ne siriri kamar takarda, ainihin furen ɗan mitsitsi ne fari a tsakiya, yawanci uku-uku.

Inda ta ke da matsala saiwarta, ba ta da ƙwari sam. Wajen sauya tukunya a bi a hankali kar ƙasar jikinta ta wargaje, in ba haka ba ta zubar da ganye ta daɗe tana fushi. Tukunyar ta zama da huji a gindi, a haɗa ƙasar da yashi, kuma kar a ɗauko ƙatuwa, ta fi fure in ta ɗan matsu.

Sai ƙaya. Kai, ƙayar nan ba wasa, tana ɓoye a bayan ganye, ruwan jikinta ma yana sa wasu ƙaiƙayi, don haka a sa safar hannu kafin a yi mata aski. Askin kuma bayan ta gama fure ake yi, don a sabon reshe take fitar da wani. Kar a dasa ta a bakin ƙofa ko inda yara ke wasa, jikin katanga ya fi, a ɗaure mata rassan da igiya tunda ba ta iya manne wa bango da kanta. Shara kam sai haƙuri, in iska ta kaɗa tsakar gida cika yake yi.