Sharhi: Satifiket ɗin AWS Cloud Practitioner ga sabon shiga, da inda amfaninsa ya tsaya

Duk wanda ya fara sha'awar aikin kilawud, wato hayar saba (kwamfutar da ke yi wa wasu hidima) da ma'ajiyar bayanai ta intanet maimakon sayen injina, yawan satifiket ne ke fara rikita shi. Amazon na da nasa a ƙarƙashin AWS, Microsoft na da na Azure, Google ma haka, kuma kowanne hawa-hawa ne. Ni da AWS Certified Cloud Practitioner na fara, na kuma bi darussan AZ-900 na Microsoft don in ga bambancinsu.

Jarrabawar Cloud Practitioner, mai lamba CLF-C02, tambayoyi 65 ce a cikin minti 90. Kuɗinta dala 100, ana cin ta da maki 700 daga cikin 1,000, kuma satifiket ɗin shekara 3 yake yi kafin a sabunta shi. Tambayoyi 15 daga ciki ba sa shiga lissafin maki, sai dai ba a nuna maka su. Saboda haka in wata ta zo maka baƙuwa fil, ka zaɓi amsa ka wuce.

Na yi karatun ne da darussan kyauta na AWS Skill Builder, kuma sun wadatar. Abin da ya fi yi mini amfani shi ne bayanin rabon alhaki: kamfanin ne ke kula da gine-gine da injina, kai kuma bayananka da izinin da ka ba mutane suna wuyanka. Da wannan ya zauna mini, sai IAM, tsarin da ke fayyace wa zai taɓa me, ya daina zama haddar suna kawai. Haka na gane cewa EC2 kwamfuta ce ta haya, S3 kuma ma'ajiyar fayiloli. Sashen lissafin kuɗi ma ya yi kyau, domin a nan mutum ke gane cewa sabar da ya bari a kunne kuɗi take ci ko ba ta aikin komai.

To amma fa jarrabawa ce ta sanin sunaye da amfaninsu. Mutum zai iya cin ta bai taɓa kunna saba ko ɗaya da hannunsa ba. Kamar wanda ya haddace alamomin titi ne bai taɓa riƙe sitiyari ba. Ga manaja, ko mai tallan kayan fasaha, ko mai kula da kasafin kuɗi da ke son fahimtar maganar injiniyoyi, ta isa. Ga mai neman aikin injiniya kuwa, ba ta kai ba. A tallace-tallacen guraben aiki da na duba, matakin Associate, wato na sama da na farko, ake yawan ambata, irin su Solutions Architect Associate na AWS, mai dala 150 da minti 130, ko AZ-104 na Azure. Wanda ya ci jarrabawar AWS ana ba shi rangwamen kashi 50 cikin 100 a ta gaba, don haka kuɗin ta farkon bai tafi a banza ba.

AZ-900 kusan matakinsu ɗaya da Cloud Practitioner. Darussan Microsoft Learn kyauta ne, galibi a rubuce, abin da ya fi dacewa da mai son karatu a tsanake. Fifikon AZ-900 shi ne satifiket ɗin ba ya ƙarewa. Na matakin sama kuma, kamar AZ-104, shekara 1 yake yi, amma sabuntawar kyauta ce ta intanet. Google na da Cloud Digital Leader a matakin farko, sai Associate Cloud Engineer a samansa.

Wanne za a zaɓa? Ni ban ga amfanin tara satifiket ɗin farko na kamfanoni uku ba, tunda abu guda suke koyarwa da sunaye daban-daban. In wurin aikinka da Windows Server da Microsoft 365 ake aiki, Azure ya fi kusa da kai. In ba ka da wurin aiki tukuna, ka buɗe tallace-tallacen aikin da kake so ka ga sunan da ya fi fitowa. Wanda kuma ya riga ya san Linux (tsarin da ke tafiyar da saba da yawa) da yadda netwok, wato haɗin kwamfutoci, ke aiki, adireshin IP da DNS (tsarin da ke mai da sunan shafi zuwa adireshinsa) da makamantansu, a ganina ya tsallake matakin farko ya nufi Associate kai tsaye, tunda ba sharaɗi ba ne. Wanda bai san su ba, su ya kamata ya fara koya, domin tambayoyin Associate a kansu aka gina su.

Na rubuta tawa a gida ta hanyar Pearson VUE, kamfanin da ke gudanar da jarrabawar. Ana buƙatar kyamara, katin shaida, tebur babu komai a kai, da ɗakin da ba mai shigowa. Wanda Turanci ba harshensa na farko ba ne zai iya neman ƙarin minti 30 daga AWS, amma sai ya nema kafin ya yi rajistar ranar jarrabawa.