CMD, PowerShell ko Ubuntu: da wanne za ka fara koyon rubuta umarni?

Ɗaliban Kadpoly da na KASU da suka sayi laptop na hannu sukan tambaye ni inda ya kamata su fara koyon sarrafa fayil da folda ta hanyar rubuta umarni. Amsata kullum ɗaya ce: Ubuntu, wani nau'in Linux, wato babbar manhajar tafiyar da kwamfuta irin Windows, ta cikin WSL, tsarin da ke ba ka damar amfani da Linux a cikin Windows.

Tun 2016 Microsoft ta saka WSL a Windows 10, don haka ba sai ka goge Windows ɗinka ba. Ka buɗe PowerShell, manhajar rubuta umarni da ke zuwa da Windows, a matsayin admin, ka rubuta wsl --install, ka sake kunna na'urar. A wasu tsofaffin laptop sai an fara kunna wani saiti mai suna virtualization a BIOS, wato shafin saitin da ake shiga lokacin da kwamfuta ke tashi, aikin minti kaɗan ne. Abin da ya sa na fifita shi, yawancin abin da ka koya a nan zai bi ka har kan sabar da ake ɗora shafukan intanet, har kan Mac. In ka buɗe Ubuntu, umarnin pwd ya gaya maka inda kake, ls ya nuna abin da ke ciki, cd ya shigar da kai folda. Fayilolinka na Windows suna ƙarƙashin /mnt/c. Shiga Downloads, ka rubuta mkdir lakca don ƙirƙirar folda mai suna lakca, sannan mv *.pdf lakca/ don kwashe fayilolin PDF zuwa cikinta, sai ka ga duk takardun da suka warwatse sun taru wuri ɗaya cikin ƙiftawar ido.

CMD, tsohuwar manhajar rubuta umarni ta Windows, da umarninta irin dir da copy ba sa wuce Windows. PowerShell yana da ƙarfi, amma sunaye irin Get-ChildItem suna gajiyar da sabon shiga. Git Bash, ƙaramar manhaja mai kawo irin waɗannan umarnin na Linux kan Windows, ya ishi mai raunin laptop. Wanda wayar Android kawai yake da ita, ya sauke Termux, manhajar rubuta umarnin Linux a waya, daga rumbun manhajoji na F-Droid.

Yanzu ga inda nake so ka buɗe kunne. Abin da rm, umarnin goge fayil, ya goge ba ya zuwa Recycle Bin, ya tafi kenan. Ka saba da rm -i, wanda yake tambayarka kafin ya goge. Wannan ne ke sa mutane sayen filash don ajiya, a nan kuma macuta suke jira. Wani ya taɓa sayar mini da filash an rubuta 64GB a jikinsa. cp, umarnin kwafe fayil, ya gama bai yi ƙorafi ba, ls ya jero sunayen duka, amma da na zo buɗewa yawancinsu sun lalace, har da aikin da ba ni da kwafinsa a ko'ina. Irin wannan filash an yi masa dabara ne ya riƙa faɗin girman ƙarya, da zarar ainihin cikinsa ya cika sai sauran su salwanta. Kwalin kuwa tsaf, har da tambarin babban kamfani. In ka ga farashin ya yi araha fiye da ƙima, ka ja da baya. In ka saya, kafin ka zuba komai ka gwada shi da manhajar H2testw, wadda za ta cika shi ta sake karantawa, kuma ku yi da mai shago cewa in ya faɗi za ka dawo da shi.

Haka masu cewa a biya su kuɗin lasisin Ubuntu. Kyauta ne. Wanda ya saka maka, ka biya shi ladan aikinsa da kuɗin data, amma kada ka ba kowa ko sisi da sunan lasisi.