Kafin ka zuba kuɗinka a kwalbar Sauternes

Wannan bayani kan Sauternes, farar giyar inabi mai zaƙi ta yankin Bordeaux a Faransa, na wanda addininsa bai hana shi giya ba ne, da ma'aikatan otal da ake aika su sayo wa baƙi.

Jerin darajar gidajen yin giyar Bordeaux da kowane mai sayarwa ke kafa hujja da shi an tsara shi ne a 1855, lokacin da Napoleon na Uku ya shirya baje-kolin duniya a Paris. Dillalan Bordeaux ne suka rubuta shi, kuma farashin kasuwar wancan zamani suka bi. A ɓangaren farar giyar inabi mai zaƙi ta Sauternes da Barsac, Château d'Yquem suka ɗora a sama ita kaɗai da laƙabin Premier Cru Supérieur, wato wadda ta fi aji na ɗaya. A ƙarƙashinta yau akwai gidaje 11 a aji na ɗaya, 15 a aji na biyu. Tun daga lokacin gonaki sun yi ta canja hannu, wasu an raba su, amma matsayi bai motsa ba.

Tsadar tana da dalili. Da kaka, ruwan sanyi na kogin Ciron yana haɗuwa da na Garonne mai ɗumi, hazo ya lulluɓe gonaki da safe, sai wata fumfuna mai suna Botrytis cinerea ta kama inabin. Tana huda fatarsa, ruwa ya tsane, ƙwayar ta yamutse, zaƙi ya taru. Masu tsinka sukan zagaya gona sau da yawa suna zaɓen ƙwayoyin da suka kai. Doka ba ta yarda a wuce lita 2,500 a hekta ba.

Yquem ta cancanci sunanta. A 1972, 1974, 1992 da 2012 ta ƙi fitar da ko kwalba ɗaya da sunanta saboda amfanin bai gamsar da ita ba. Amma kaso mai yawa na kuɗin da za ka biya na suna ne.

Ni Climens, ɗaya daga cikin gidajen aji na ɗaya, nake saya, kuma ita nake nuna wa duk wanda ya tambaye ni. Tana Barsac, a kan ƙasa mai dutsen farar ƙasa, kuma inabin Sémillon zalla take nomawa. Abin da ke kashe giya mai zaƙi shi ne ginsa: kurɓi biyu ka ture kofi. Climens ba ta ginsarwa. Zaƙin na zuma ne, amma akwai ɗan tsami kamar na ɓawon lemu da ke biyo baya ya wanke baki. Kowane tsinka a gangarsa ake ajiye shi daban, sai daga baya a ɗanɗana a zaɓi waɗanda za a haɗa. Ita ma ta bar 1984, 1987, 1992 da 1993 sun wuce ba ta sa sunanta a kwalba ba, kuma tun 2010 ta koma noma ba takin zamani, ba maganin ciyawa. In ka samu ta 1988 ko 2001 a hannun amintacce, kada ka tsaya dogon ciniki.

Rieussec da Suduiraut masu kyau ne, sai dai sun yi mini nauyi. Coutet ce ta fi kusa da Climens. A aji na biyu Doisy-Daëne ta fi matsayin da aka ba ta, Château de Fargues kuwa ba ta ma cikin jerin, amma ta wuce da yawa daga waɗanda ke ciki.

Duk wannan bai amfane ka ba in kwalbar jabu ce. Wani dillali ya taɓa sayar mini da tsohuwar kwalba mai takardar babban gida. Da aka buɗe, toshiyar ba suna ba shekara a jikinta, abin da ke ciki kuma ruwan sukari ne mai warin giya. Manyan gidaje suna buga sunansu da shekara a jikin toshiya, kuma da yake kwalbar Sauternes garau take, ana iya hango rubutun ta wuyanta in an yanke ƙasan marfin. Ka nemi a nuna maka. Masu kuɗi ma ba su tsira ba: attajirin Amurka Bill Koch ya kai dillalin giya Hardy Rodenstock kotu kan kwalabe da aka ce na Thomas Jefferson, shugaban Amurka na uku, ne, kuma a 2013 kotun New York ta kama Rudy Kurniawan da laifin sayar da giyar jabu.

Ka duba inda giyar ta tsaya a kwalba. In ta sauka ƙasa da kafaɗa, ko marfin yana danƙo, zafi ya taɓa ta. Duhun launi a tsohuwar kwalba ba aibi ba ne, amma ta shekara 5 da ta koma ruwan ƙasa a bar ta. Ka karanta takarda a tsanake: "Sauterne" marar s a ƙarshe giya ce mai araha da aka saba yi a Amurka, "Y" ta gidan Yquem ba mai zaƙi ba ce, Carmes de Rieussec da Cyprès de Climens kuma giya ce mai ƙaramar daraja da gidajen ke yi bayan babbar giyarsu, bai kamata a karɓi kuɗin ta farko a kansu ba. In mai sayarwa ya kasa faɗa maka daga hannun wa ya karɓo da inda ya ajiye, ka sayi rabin kwalba mai mililita 375 ta sabuwar shekara a shagon da ke ba da rasit.