A-kori-kura mai caji ko mai shan mai: wacce za ta iya da hanyoyinmu?

Tun ranar 29 ga Mayu, 2023 da aka janye tallafin man fetur, duk mai motar ɗaukar kaya a karkarar Kano da Jigawa ya koma ɗan lissafi. Mai kai tumatir daga Kadawa zuwa 'Yankaba, da mai jigilar riɗi da zoɓo zuwa Maigatari, da mai sayen shanshera a Auyo ya kai inji Haɗejiya, duk kukansu ɗaya ne, ribar a gidan mai take ƙarewa. Shi ya sa zancen a-kori-kura mai lantarki ya fara shiga majalisa. Yara suna nuna wa iyayensu bidiyon Cybertruck a waya, dillalai kuma suna cewa in dai akwai kuɗi, Alhaji, za a sauke maka ita a Legas ko Kwatano.

Injin lantarki shi kansa ba shi da laifi. Ba ya buƙatar juyen mai, babu fulogi, babu kuloci, kuma ƙarfinsa yana zuwa ne da an taɓa totur. Inda gizo ke saƙa shi ne sauran motar da aka gina a kansa, da kuma irin mutumin da aka yi tunani lokacin da ake zana ta.

Manyan na Amurka su ne suka fi suna: Tesla Cybertruck, Ford F-150 Lightning, Rivian R1T da GMC Hummer EV. Abin da ya haɗa su shi ne nauyi. Hummer ta haura kilo 4,000 babu komai a cikinta, batirinta kaɗai ya kai wajen kilo 1,300. Da yake taya da birki da ƙafar mota suna da iyakar abin da za su ɗauka, duk abin da batir ya cinye daga kason kaya aka rage shi. Don haka wannan gansamemiyar mota kayan da aka amince ta ɗauka bai wuce kilo 600 ba, wato buhun masara 6, kuma a ciki har da direba da yaron mota. Rivian tana ɗaukar wajen kilo 800, Lightning kusan tan 1 idan mai ƙaramin batir ce, ƙasa da haka idan mai babba ce, Cybertruck kuma ta ɗan haura tan 1. Bodin ma gajere ne. Na Rivian bai kai mita ɗaya da rabi ba, domin an ba wa kujerun iyali fili fiye da na kaya.

Wani zai ce ai Hilux ma a takarda tan 1 ce, kuma mun san abin da ake ɗora mata ranar kasuwar Gujungu. Haka ne. Amma Hilux, da tsohuwar Peugeot 504 ta Kaduna da har yanzu ake gani a hanyar Ɗambatta, sifirin faifai gare su a baya, wanda bakaniken ƙauye zai ƙara wa ɗaya ko biyu kafin la'asar. Lightning sifirinta murɗaɗɗe ne, kowace ƙafa zaman kanta take yi. Rivian da Cybertruck kuwa a kan jakar iska suke zaune, kwamfuta ce ke ƙara ta tana rage ta. Daɗin zama kam akwai shi. Ranar da jakar ta fashe a burji da lodi a kai, motar za ta durƙusa, kuma ba abin da mai faci zai iya yi.

Sai nisan tafiya. Adadin da kamfani ke rubutawa na mota ce babu kaya, a kan kwalta mai santsi. Gwaje-gwaje da dama a Amurka sun nuna cewa jan tirela mai nauyi yana cinye kusan rabin nisan. Lodi mai tsayi irin na kwandunan tumatir ko buhunan zoɓo yana tare iska, rairayin Gumel da Maigatari yana riƙe taya, ga zafin Afrilu da ke haura digiri 40, lokacin da motar ke kashe wuta wajen sanyaya direba da kuma batirin kansa. Zuwa da dawowa daga Kano zuwa Haɗejiya ya haura kilomita 300. Kada ka yi lissafinsa da adadin da ke jikin takarda.

Ɓangaren inganci shi ne ya fi ba ni tsoro, domin tarihin waɗannan motoci gajere ne amma cike yake da kiran gyara. Cybertruck ta fara isa hannun masu saye a ƙarshen Nuwamba 2023. A Afrilu 2024 Tesla ya kira kusan 3,900, saboda murfin totur yana iya zamewa ya maƙale, mota ta ci gaba da gudu. Dalilin kuwa, sabulu aka riƙa shafawa a masana'anta don murfin ya shiga da sauƙi. A Yuni na shekarar aka sake kira kan injin goge gilashi. A Maris 2025 aka kira sama da 46,000, kusan duk waɗanda aka ƙera, domin wani dogon ƙarfe da ke gefen rufi da gam aka manna shi, kuma yana iya ɓallewa ana cikin tafiya. Rivian a Oktoba 2022 ta kira wajen 12,000 kan noti guda a ƙafar gaba da ba a ɗaure sosai ba. Ford ya tsayar da ƙera Lightning na makonni a farkon 2023 bayan batirin wata ya kama da wuta a filin ajiyar kamfanin a Mishigan. Ita kuma Hummer, a 2022 aka kira wasu saboda ruwa yana iya shiga akwatin batir. Mutumin Ringim ko Auyo, wanda ya san yadda hanya take komawa a watan Agusta, ya sake karanta wannan na ƙarshen.

Kiran gyara ba abin kunya ba ne, Toyota ma yana yi. Bambancin shi ne Ba'amurke wasiƙa za ta same shi, ya kai gareji a gyara kyauta. Kai da ka sayo ta hannun dillali, babu wanda ya san motar tana Kafin Hausa. Tesla da Rivian ba su da wurin gyara nasu a Najeriya. Abin da aka gyara wa wasu kyauta, kai sai ka yi odarsa da dala, in ma ka ji labarin matsalar.

Ko ƙaramin gyaran jiki ma aiki ne. Jikin Cybertruck ƙarfe ne mai tauri marar fenti, ba a bubbuga shi a shafe da fila a fesa kala yadda fanbita ya saba. Ƙashinta na gaba da baya zubin alminiyom ne guda guda, idan ya tsage ba walda ake yi masa ba, sauyawa ake. Jikin Lightning ma alminiyom ne, wanda injin waldar bakin titi bai iya ba. Sitiyarin Cybertruck kuwa babu sandar ƙarfe tsakaninsa da tayoyi, waya da kwamfuta ne ke kai saƙo. Ba ta zuwa da safaya sai ka saya daban, kuma in ka saya a cikin bodi za ta zauna ta ƙara rage maka fili. Kafin ka biya kuɗin kowace mota, shiga kasuwar kayan gyaran mota ta Ƙofar Ruwa a Kano ka tambayi fitilarta, gilashinta, takalmin birkinta da girman tayarta. Amsar da za ka samu a can ta fi ta dillali amfani.

Su kansu kamfanonin sun fara ja da baya. Lordstown, wanda ya ƙera wata a-kori-kura mai suna Endurance, ya durƙushe a 2023 ya bar waɗanda suka saya da abin da babu mai kula da shi. A 2025 Ram ya fasa fitar da tasa mai lantarki zalla, a ƙarshen shekarar kuma Ford ya ce zai daina ƙera Lightning a yadda take, mai zuwa za a sa mata injin fetur da zai riƙa yi wa batir caji. Idan a ƙasar da wuta ba ta ɗaukewa an kai ga haka, ya kamata mai kuɗin Kazaure ya yi tunani sau biyu. Game da na hannu kuwa, yawancin motocin Amurka da ke zuwa mana da araha waɗanda suka yi haɗari ne ko ambaliya ta shafa. A mota mai fetur ana iya lallaɓa wannan. Batirin da ya sha ruwa ko ya bugu daga ƙasa yana iya kamawa da wuta bayan makonni, kuma shi ne mafi tsada a duk jikin motar.

Caji shi ne zai raba gardama ga yawancin mutane. Babban batirin Lightning yana cin yunit 131, irin yunit ɗin da ake lodawa a mitar gida. Da caja mai kilowat 7, wadda ita ma sai an ja mata waya ta musamman, cika shi zai ɗauki kusan awa 20. Da janareton gida mai kilowat biyu da rabi, fiye da kwana 2 yana ruri, an gudu ba a tsira ba ke nan. Wutar KEDCO a farashin rukunin A, wato na layin da aka ce zai samu wuta awa 20 a rana, a 2025 ta haura naira 200 kowane yunit, a wannan farashin cikawa zai tashi wajen naira 30,000, kuma wannan ya fi mai araha nesa ba kusa ba idan aka auna da nisan da za a yi. Tambayar ita ce ƙauyuka nawa ne ke kan layin da ke samun awa 20 a rana.

Sola ta fi zama abin dogaro, amma a yi lissafi da kyau. Faranti mai wat 550 yana ba da kamar yunit 2 zuwa biyu da rabi a yini, ƙasa da haka idan ƙurar hunturu ta lulluɓe shi. Babbar a-kori-kura tana cin wajen yunit 30 a kilomita 100. Mai yin kilomita 60 kullum yana buƙatar faranti kamar 10 don motar kaɗai. Sannan mota da rana take aiki, rana kuma ita ce lokacin caji, sai dai ka ƙara sayen batiran ajiya da inbata babba, ko ka zama mai fita da asuba ka dawo da hantsi. A duba bakin caja ma, domin na Amurka daban, na Turai daban, na Sin daban. Soket ɗin da ke bodin Lightning, wanda ake yabo don yana iya ba gida wuta, yawancinsa bolt 120 ne, namu kayan kuwa na 230 ne.

Na Asiya sun fi kusa da bukatarmu, kodayake kowacce da nata. Maxus T90 mai lantarki tana ɗaukar tan 1, amma tayoyin baya kaɗai ke ja, wanda a laka ko yashi matsala ce. Riddara RD6 ta kamfanin Geely ba ta da shasi daban, jiki da ƙashi a haɗe suke irin na ƙaramar mota, don haka ba ta lodin kasuwa ba ce. Isuzu ya fitar da D-Max mai lantarki da batir mai yunit kusan 67, Toyota kuma a ƙarshen 2025 ya nuna Hilux mai batir da bai kai yunit 60 ba, mai tafiyar kilomita kamar 240 a takarda. Waɗannan biyun sun riƙe shasin da aka sani, kuma ƙanƙantar batirin ta nuna an yi su ne don gajeriyar hanya da ake maimaitawa kullum. Idan za a kawo maka daga Tailan, Ingila ko Ostireliya, ka tabbata sitiyarin hagu ne, don mai sitiyarin dama doka ba ta yarda da ita a Najeriya ba. Ka kuma tambayi irin batirin. Wanda ake kira LFP ya fi jure zafi kuma ya fi wuyar kamawa da wuta, a ƙasarmu wannan ya fi ƙarin kilomita 50 muhimmanci.

Akwai ta tsakiya, BYD Shark, wadda ta fito a 2024. Batirinta yunit kusan 30 ne, yana kai ta wajen kilomita 100 a takarda, daga nan injin fetur mai lita 1.5 ya karɓa. Ba za ka kwana a hanyar Birnin Kudu don caji ya ƙare ba, kuma tana iya ba injin ban ruwa wuta a gona. Sai dai kayanta bai kai kilo 900 ba, ita ma sifirinta murɗaɗɗe ne, kuma mota ce mai tsari biyu, tana buƙatar bakanike da ƙwararren mai waya a lokaci guda. Wanda ba zai riƙa yi mata caji ba, nauyin batir kawai yake ɗauka yana biyan kuɗin mai.

A ganina, ɗan kasuwar da ke bin kasuwanni, yau Wudil gobe Maigatari, yana lodi har sama yana kwana inda dare ya yi masa, ya riƙe Hilux ko Kanta tukuna, ko ya duba mayar da mai fetur zuwa iskar gas idan akwai wurin ɗura a hanyarsa. Mai gona ko mai injin casa a Kura ko Bunkure, wanda ya riga ya girka sola mai yawa kuma hanyarsa ɗaya ce ba ta wuce kilomita 80 a yini, shi ne zai ci ribar mai lantarki ta Asiya, matuƙar daga wakilin kamfani ya saya da garanti a rubuce. Mai ɗan jari da ke kai kaya daga gona zuwa bakin titi, ƙaramar mai ƙafa uku ta ɗaukar kaya mai caji ta ishe shi, faranti kaɗan za su cika ta, amma ya tabbatar batirin litiyom ne ba na dalma ba, don na dalma zafi yana saurin kashe shi. Manyan na Amurka kuwa, wanda ke son ta kwalliya a cikin birni kuɗinsa ne, amma kada ya kira ta motar aiki.

Duk wadda hankalinka ya kwanta da ita, kada ka yarda da zagayen gari babu kaya. Ka ɗora mata buhu 8, ka kunna sanyi, ka bi burji da tsakar rana kilomita 40, ka duba kason cajin da ya tafi. Ka sa a ɗaga ta ka leƙa ƙasan batirin ko akwai lotsawa ko alamar laka a cikin soket. Sannan mai sayarwa ya rubuta maka a takarda garejin da zai duba ta a Kano, da tsawon garantin batir, da wanda zai biya kuɗin ɗauko ta idan ta tsaya a Gujungu.