Bas ɗin ƙafa: sharhi bayan zangon karatu guda

A Ingila "bas ɗin ƙafa" ake ce wa tsarin da manya ke raka yara makaranta a ƙafa cikin layi, duk da babu mota a ciki. Wata firamare a garin Sent Albans ce ta fara shi a ƙasar a 1998. Bayan zango guda yarana suna binsa, ina ganin ya cancanci yabo, amma yana da inda yake ciwo.

Babba ɗaya ke gaba, shi ne direba, wani kuma a baya, kwandasta. Yara suna jerawa bibbiyu a tsakiya, kowa da riga mai ƙyalli a kan kayan makaranta. Hanya ɗaya ake bi kullum, da tashoshi da lokacin isa kowace tasha, ana kiran suna daga rajista. A namu, babba ɗaya ke kula da yara takwas, in ƙanana ne huɗu. Kuma sai an binciki tarihin mutum kafin a damƙa masa 'ya'yan jama'a.

Tafiyar minti 20 ce. Zuwa da dawowa minti 40 ke nan, alhali Hukumar Lafiya ta Duniya minti 60 na motsa jiki take so yaro ya samu a rana. Amma abin da ya fi burge ni tsallaka titi ne. A bakin kwalta direba yakan tsaya, layi ya haɗe, yara su duba dama, su duba hagu, su sake duba dama, su kasa kunne, sannan a ƙetare gaba ɗaya. Yaron da ake ɗauka a mota kullum ba ya samun wannan horo.

Matsalar 'yan sa kai ce. Ranar da mutum ɗaya ya fasa ba tare da madadi ba, tafiya ta rushe, domin babba ɗaya ba ya iya tsare gaba da baya. Dole a tanadi mutum biyu na ko-ta-kwana. Makara ma na ɓata tsari: in an jira yaro ɗaya, sauran tashoshi duk sun makara, shi ya sa bas ba ya jiran kowa. Jakunkuna masu nauyi suna sa ƙanana ja da baya har layi ya tsinke, sai a zuba su a ɗan amalanke. A watan Disamba kuwa, da duhu ke shiga wajen ƙarfe huɗu na yamma a Ingila, kada a bar yaro ya shiga layi babu rigar ƙyalli.