Na'urar Pumani a Sashen Jarirai Bakwaini: Amfaninta da Iyakarta

Ciwon huhu mai ɗorewa da ke kama jarirai bakwaini, wanda likitoci ke taƙaita sunansa da BPD, an fara bayyana shi ne a 1967 a Jami'ar Stanford ta Amurka, kuma yawanci ba a tabbatar da shi sai jariri ya kai daidai mako 36 idan aka ƙirga daga farkon ɗaukar cikinsa yana ci gaba da buƙatar oksijin. Masu bincike sun daɗe suna neman alamominsa na farko a cikin jini da majinar maƙogwaro, irin su sinadaran kumburi IL-6 da IL-8, sai dai gwajin nan bai zama aikin yau da kullum ba ko a manyan asibitocin duniya, balle a namu. Abin da ke hannunmu shi ne rage abubuwan da ke raunata huhun tun farko, wato oksijin da ya wuce kima da matsin injin numfashi, kuma a kan wannan ma'auni nake auna na'urar Pumani, wadda ke taimaka wa jarirai numfashi.

Jami'ar Rice ta Amurka ce ta ƙirƙiro ta tare da Asibitin Queen Elizabeth da ke Blantyre a Malawi. Tana tura iska ta hancin jariri, ƙarshen bututun kuma yana nutse cikin kwalbar ruwa, zurfin ruwan ne ke ƙayyade matsin da ke hana ƙananan jakunkunan huhu rufewa. Ma'aikaciyar jinya tana iya sanin ko komai na tafiya daidai da kallo ɗaya, domin idan kumfar ruwan ta tsaya, to iska na zuba a wani wuri, galibi ta baki ko ta gefen hanci. Wani nazari da aka wallafa a 2014 daga Blantyre ya nuna kashi 71 cikin ɗari na jariran da aka sa wa na'urar sun rayu, idan aka kwatanta da kashi 44 na waɗanda aka ba oksijin kaɗai, ko da yake jariran da aka yi nazarin a kansu ba su da yawa.

Babban abin da na yaba shi ne tana gauraya iska da oksijin, saɓanin haɗin gida na kwalba da bututu da ake yi a asibitoci da dama, wanda sau da yawa ke ɗura wa jariri oksijin zalla, abin da ke cutar da huhu da ido. Amma tana da iyaka: tana buƙatar wutar lantarki da injin samar da oksijin ko tukunyar oksijin, ba ta ɗumama iskar ko sanya mata danshi, don haka dole a riƙa ɗiga ruwan gishiri na asibiti a hanci, a kuma duba tsakanin hancin kada ya yi gyambo.

Asibitin da zai saye ta ya haɗa da na'urar auna oksijin a jini da ingantacciyar wutar ko-ta-kwana, ya kuma horar da ma'aikatan dare kamar na rana, domin ba tare da awon nan ba babu yadda za a riƙe oksijin ɗin jinin jariri tsakanin kashi 90 zuwa 95 cikin ɗari.