Dare a wasan IL-2 Sturmovik: Great Battles, kamar yadda na gan shi daga cikin jirgin U-2

Duk wanda ya taɓa fita daga ɗaki mai fitila zuwa fili a daren da babu wata ya san cewa ido yana buƙatar kusan rabin awa kafin ya saba da duhu, kuma hasken ashana ɗaya ya isa ya ɓata wannan sabon. Da wannan ma'aunin na auna daren da ke cikin IL-2 Sturmovik: Great Battles, wasan kwamfuta mai kwaikwayon yaƙin sama na Yaƙin Duniya na Biyu, domin a ganina dare ba ya cika dare a irin wannan wasa sai ya hana matuƙi ganin abin da yake bukata.

Jirgin da na zaɓa shi ne U-2VS, ƙirar Nikolai Polikarpov, jirgin katako da yadi mai fikafikai hawa biyu wanda gudunsa bai wuce kusan kilomita 150 a awa ba. Irinsa ne matan runduna ta 588 ta Tarayyar Sobiyet suka tuƙa tun 1942 a ƙarƙashin Yevdokiya Bershanskaya, waɗanda Jamusawa suka laƙaba wa suna Mayun Dare, kuma sun yi yaƙi a yankunan Kuban da Taman na kudancin Rasha a 1943, inda ɗaya daga cikin taswirorin wasan take.

A daren farin wata aikin ya yi kyau matuƙa. Kogin Kuban yana sheƙi kamar zaren azurfa, gaɓar teku ta fito sarai, sai na ajiye dogaro da alamomin taimako da wasan ke nunawa na riƙa bin ruwa da agogo da kamfas, wanda shi ne ainihin yadda matuƙan wancan zamani suke gane hanya. Abin da ya fi kama ni shi ne fitilun laluben jirage. Na rage wutar inji na sulalo kan sansanin abokan gaba, kamar yadda matan suke yi don kada a ji ƙararsu, sai fitila ɗaya ta cafke ni, ta biyu ta biyo baya, fikafikan suka yi fari fat, ƙasa ta ɓace mini gaba ɗaya, harsasan bindigogin kakkaɓo jirage suna tasowa ja a jere. Hannuna ya yi gumi a kan sandar tuƙi.

Daren duhun wata ne wurin da nake da magana, kuma rabin laifin na fuskar kwamfuta ne. Hasken cikakken wata ya ninka na taurari kaɗai sau ɗaruruwa, amma allo ba zai iya nuna wannan tazarar ba, ga shi mai wasa yana zaune a ɗaki mai haske, idonsa bai saba da duhu ba. Saboda haka da yawa sukan ƙara hasken hoto a saitin wasan har daren ya koma kamar almuru, su ga gonaki da hanyoyi daga sama. Tarihi bai yarda da hakan ba. Rahoton Butt na 1941, wani binciken gwamnatin Birtaniya kan hare-haren dare na jiragenta, ya nuna cewa a cikin jiragen Birtaniya da suka ce sun kai hari kan Jamus da yankunan da ta mamaye, kusan ɗaya cikin uku ne kawai ya je cikin mil 5 na inda aka aike shi; da farin wata, jirgi biyu cikin biyar, da duhun wata kuwa ɗaya cikin goma sha biyar. Garuruwa a kashe suke da fitilu, Birtaniya ma ta fara hakan tun 1 ga Satumba 1939, don haka matuƙi baƙi ƙirin yake gani a ƙasa.

Shawarata ga mai son sayen wannan jirgi a cikin wasan ita ce ya kashe fitilar ɗakinsa, ya bar hasken hoto yadda yake, ya cire alamomin taimako, sannan ya rage fitilar cikin jirgin har sai alluran na'urori kaɗai yake gani. Da na yi haka, dawowata sansani ta ɗauke ni zagaye uku kafin na hango 'yan wutar da aka hura a gefen filin sauka, na kuma sauka da ƙarfi har jirgin ya yi tsalle sau biyu kafin ya tsaya.